Siririn Jirgi a Hanyoyin Ruwan Faransa: Tarihin da ke Bayan Tafiyar

Gabatarwa

Akwai wani irin jirgin ruwa da Turawan Ingila suka daɗe suna amfani da shi a cikin ƙasarsu. Faɗinsa bai wuce mita 2 da ƴan santimita ba, amma tsawonsa yakan kai mita 21. Gindinsa shimfiɗaɗɗe ne, injinsa ƙarami, kuma matuƙinsa a tsaye yake can baya a waje, ko ana rana ko ana ruwa. A da kaya ake ɗauka da shi, yanzu kuwa an mayar da cikinsa ɗakin kwana da madafa. Wasu masu irin wannan jirgi sukan ɗora shi a babbar mota su ƙetare da shi zuwa Faransa. Ƙalilan kuma sun yi kasadar ratsa tekun da ke tsakanin ƙasashen biyu a cikinsa, kamar Terry Darlington, wanda littafin tafiyarsa ya fito a 2005. Shi da matarsa da karensu suka taso daga tsakiyar Ingila har suka kai garin Carcassonne a kudancin Faransa.

Matafiyi irin wannan yakan ɗauka cewa ya shiga wata duniya da aka shirya don hutawa, ga ruwa a kwance, ga inuwa, ga ƙauyuka marasa hayaniya. Tarihi ya nuna akasin haka. An haƙa waɗannan hanyoyi ne don sauri da riba da ƙarfin mulki, kuma waɗanda baƙi suka fi so a yau su ne waɗanda gyaran zamani ya tsallake.

Kalmomi biyu suna bukatar bayani tun daga farko. Abin da Faransanci ke kira canal kogi ne da ɗan Adam ya haƙa da hannunsa don jirage. Da yake “kanal” a kunnen Bahaushe muƙamin soja ne, a nan za a riƙa cewa “hanyar ruwa”. Ta biyu ita ce écluse, wadda za a kira “ɗakin ruwa”. Dogon ɗaki ne na dutse, babu rufi, da ƙyaure a gaba da ƙyaure a baya. Jirgin da zai hau tudu sai ya shiga, a rufe ƙyauren baya, a buɗe ƴan tagogin da ke jikin na gaba. Ruwan sama ya kwararo, jirgin ya taso tare da shi har ya daidaita da ruwan gaba, sannan a buɗe masa ya wuce. Abin lura shi ne, duk wucewar jirgi tana cin ruwa cikin ɗaki guda, kuma ruwan da ya gangara ba ya komowa.

Ruwa a ƙolin tudu

Wannan gangarowa ita ce matsalar da ta daɗe tana hana aikin. Haƙa hanya a gefen kogi ba shi da wuya, domin kogin ne zai ciyar da ita. Amma in ana so a haɗa koguna biyu da tudu ya raba, dole a sami ruwa a can ƙololuwa wanda zai riƙa sauka dama da hagu, rani da damina.

Faransa ta fara gwada sa’arta a 1604, zamanin Sarki Hanri na 4 da wazirinsa Sully. Suna so hatsi da giyar inabi na kwarin kogin Loire su riƙa isa Paris ta kogin Seine, sai suka ba injiniya Hugues Cosnier aikin hanyar Briare. An kashe sarkin a 1610, aikin ya tsaya, sai a 1638 wasu ƴan kasuwa suka karɓe shi, suka kammala a 1642. A Rogny an jera ɗakunan ruwa bakwai kamar matakala, kuma tafkuna ne ke ciyar da ƙololuwar.

Babban aikin kuwa a kudu aka yi shi. Tun da daɗewa sarakunan Faransa ke burin haɗa Tekun Atlantika da Bahar Rum ta cikin ƙasarsu, don jiragensu su huta da kewaya Sifen da mashigin Jibiralta, inda akwai ƴan fashin teku da abokan gaba. Kogin Garonne yana kai jirgi daga Bordo zuwa Tulus. Daga nan zuwa Bahar Rum sai an tsallake tudun Naurouze, mai tsayin mita 189, wanda ba shi da kogi. Duk wanda ya kawo shawara, a nan take cijewa.

Wanda ya warware ta bai yi karatun injiniya ba. Pierre-Paul Riquet, haifaffen Béziers a 1609, mai karɓar harajin gishiri ne a lardin Languedoc, kuma da wannan aiki ya tara dukiya, ya kuma san lungunan ƙasar. A wasiƙar da ya aika wa wazirin kuɗi Colbert a watan Nuwamba 1662, shi da kansa ya nemi afuwa cewa bai san Girkanci ba, bai san Latin ba, Faransancinsa ma da ƙyar. Harshen gidansu shi ne Oksitan, harshen kudu, wanda fadar Paris take kallo a matsayin yaren ƙauye. Abin da ya sani shi ne Baƙin Dutse, tsaunin da ke arewa maso gabas da Naurouze, inda ruwan sama yake da yawa. Da taimakon mutanen wurin da suka san ƙoramu, ya gano cewa za a iya tare su ɗaya bayan ɗaya, a bi da ruwansu ta ƙaramar hanya a gefen tsauni, a gangaro da shi a hankali har ƙolin Naurouze. A 1665 ya haƙa ƴar siririyar hanya ta gwaji, ruwa ya iso. A watan Oktoba 1666 Sarki Luwi na 14 ya sa hannu a kan dokar fara aiki.

Don kada rani ya busar da hanyar, aka gina madatsar ruwa ta Saint-Ferréol tsakanin 1667 da 1672, mai riƙe ruwa fiye da mita murabba’i mai zurfi miliyan 6, wadda babu kamarta a Turai a lokacin. Ita kanta hanyar, wadda a yau ake kira hanyar Midi, tsawonta kilomita 240 ne daga Tulus zuwa tafkin Thau kusa da Sète, wato kamar daga Maraɗi zuwa Damagaram. Da diga da shebur da kwando aka haƙa ta. Ma’aikata sun kai 12,000 a lokacin da aiki ya fi zafi, cikinsu har da mata masu yawa. Binciken Chandra Mukerji ya nuna cewa matan da suka gangaro daga tsaunukan Pyrénées sun zo da ilimin sarrafa ruwa na gargajiya wanda aikin ya amfana da shi, ko da yake sunayensu ba su shiga tarihi ba. Riquet ya riƙa biyan albashin wata, har da ranakun Lahadi da na ruwan sama da na rashin lafiya. Ana yawan yaba masa a kan haka, amma kada a manta cewa mutum ne da ke bukatar riƙe dubban manoma a bakin aiki har lokacin girbi.

Da bangon ɗakunan farko ya kasa jure nauyin ƙasa, sai aka koma gina su da ciki kamar ƙwai, kuma wannan siffa ce ta zama tambarin hanyar. A Fonseranes, gab da Béziers, ɗakuna takwas a jere suke sauke jirgi mita 21 da rabi. Kafin nan akwai kilomita 54 da babu ɗakin ruwa ko ɗaya, domin hanyar tana bin gefen tuddai tana lanƙwasa don kada ta hau kada ta sauka. A Malpas kuwa, a 1679, huda tudun aka yi aka wuce ta cikinsa. A Agde an gina ɗaki kewayayye mai ƙofa uku.

Aikin ya ci wajen liba miliyan 17, kuɗin Faransa na wancan zamani, daga baitulmalin sarki da majalisar lardin da aljihun Riquet. Ya rasu ranar 1 ga Oktoba 1680, saura ƙiris hanyar ta kai teku, ya bar wa magadansa bashin da suka yi shekaru da dama suna biya. An buɗe ta a watan Mayu 1681.

Burin sarki bai cika ba, domin jiragen teku ba su taɓa mayar da ita hanyarsu ba. Amma ta sauya Languedoc. Alkama ta riƙa gangarawa gabas, giyar inabi tana hawa yamma. An kuma sa jirgin fasinja da wasiƙu wanda dawaki ke ja, yana zuwa Agde daga Tulus cikin kwana huɗu, da masaukin cin abinci da na kwana a wurare kamar Castelnaudary da Le Somail. Saboda gudun ɓata lokaci, in an zo jerin ɗakunan ruwa sai fasinjoji su sauka da kayansu, su taka zuwa wani jirgin da ke jira a gaba. Thomas Jefferson, jakadan Amurka a Paris a lokacin, ya bi hanyar a 1787 da keken dokinsa ɗore a kan jirgi, yana rubuta duk abin da ya gani.

Ma’auni biyu

Daga cikin baƙin da suka ga hanyar Midi akwai wani matashin basarake na Ingila, Francis Egerton, mai sarautar Bridgewater. Da ya koma gida ya sa aka haƙa masa hanya don kai kwal daga mahaƙarsa zuwa Manchesta, aka buɗe ta a 1761. Injiniyansa James Brindley shi ne daga baya ya tsara hanyoyin tsakiyar Ingila. A can ba sarki ke biya ba, kamfanoni ne na masu hannun jari, waɗanda ke ƙirga kowane sisi. Ƙaramin ɗakin ruwa ya fi arha, ya fi tsimin ruwa, kuma ramin da za a huda a tudu ba sai ya yi faɗi ba. Sai Brindley ya tsayar da faɗin ƙafa 7 da tsawon kamar ƙafa 72. Jirgi kuwa dole ya bi ma’aunin ƙofar da zai shiga. Asalin siririn jirgi ke nan, mai ɗaukar tan 25 zuwa 30. Saboda haka in ya shiga hanyar Midi a yau, kamar jika ne ya kai ziyara gidan kaka.

Faransa ta taɓa gwada wannan ma’auni. A lardin Berry, inda ruwa ya yi ƙaranci, injiniya Dutens, wanda ya je Ingila ya ga nasu aikin, ya tsara hanya mai ɗakunan ruwa masu faɗin mita 2.70 kacal. Ta yi aiki daga wajen 1840, amma ƙananan jiragenta ba su iya gasa ba, manya kuma ba sa iya shigarta. A 1955 gwamnati ta soke ta. Hanyar da aka yanka kusan daidai jikin siririn jirgi ita ce aka rufe, sai ƴan guntayen da ƙungiyoyin sa kai suka farfaɗo da su.

Sauran ƙasar wata alƙibla ta dosa. Bayan shan kaye a hannun Jamusawa a yaƙin 1870 zuwa 1871, ministan ayyuka Charles de Freycinet ya kawo dokar 5 ga Agusta 1879, wadda ta ce manyan hanyoyi su zama da ɗakunan ruwa masu tsawon mita 39 da faɗin mita 5.20. Daga nan aka sami jirgin kaya da suke kira péniche, mai tsawon mita 38.5, mai ɗaukar tan 300 zuwa 350, wato kayan siraran jirage goma ko fiye. An rushe tsofaffin ɗakuna an sake ginawa. Matakalar Rogny an daina amfani da ita a 1887. A Briare an gina gadar ƙarfe mai tsawon mita 662 wadda ruwa da jirage ke bi ta kanta su tsallake kogin Loire, aka buɗe ta a 1896, kuma kamfanin Eiffel ne ya yi ginshiƙanta. A cikin waɗannan jirage iyalai suka riƙa zama, a haife su a ciki su tsufa a ciki. Wanda ba shi da halin doki ko alfadari, shi da matarsa da ƴaƴansa ke ɗaura igiya a ƙirji su ja.

Hanyar Midi ba ta shiga wannan gyara ba, saboda a lokacin ba ta hannun gwamnati.

Kura da ajiyar nama

A 1856 aka kammala hanyar ruwa ta gefen kogin Garonne, wadda ta cike mafarkin haɗa tekuna biyu. Shekara guda bayan haka, a 1857, jirgin ƙasa ya haɗa Bordo da Sète. A 1858 gwamnatin Napoliyon na 3 ta amince a ba kamfanin jirgin ƙasan, na ƴan’uwa Pereire, hayar hanyar Midi har shekara 40. An ba kura ajiyar nama ke nan. Kamfanin bai cike hanyar da ƙasa ba, bai kuma bar ta ta lalace ba. Kuɗin fito kawai ya tsara yadda ɗan kasuwa mai hankali zai zaɓi dogo. Kafin gwamnati ta karɓe ta a 1898, ciniki ya riga ya ƙaura, ɗakunanta kuma suna nan a ma’aunin mita 30 na zamanin Riquet, alhali jiragen sauran ƙasar sun ƙara tsawo.

Sai a ƙarshen shekarun 1970 aka tashi tsawaita su. An yi wasu a ɓangaren Tulus da wasu a ɓangaren teku, a Fonseranes kuma aka gina wata na’ura mai tura jirgi da ruwansa a kan gangare, wadda aka gama a 1983. Ba ta yi aikin kirki ba, aka watsar da ita. Kuɗi ya yanke, aikin tsawaitawa ya tsaya, manyan motoci suka kwashe ɗan kayan da ya rage. A 1989, shekarar fari, jigilar kaya ta ƙare a hanyar. Shekara bakwai bayan haka, a 1996, hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihi na duniya. Da gyaran ya kai ƙarshe, da yawancin ɗakunan nan masu siffar ƙwai an fasa su an yi musu ƙari da siminti, kuma da wuya su ja idon kowa.

Hanyar Nivernais a tsakiyar ƙasar ta bi irin wannan sawu. An fara ta a 1784 don kai itacen wuta daga dazukan Morvan zuwa Paris. Da birnin ya koma ƙona kwal sai amfaninta ya ragu, tsakiyarta kuma ba a tsawaita ɗakunanta ba. Tana gab da rufewa jihar Nièvre ta karɓi wannan ɓangare a 1972 don masu yawon buɗe ido. A shekarun 1960 ne kuma aka fara ba da hayar jiragen shaƙatawa a waɗannan hanyoyi, kuma Turawan Ingila, waɗanda suka riga suka ceto nasu hanyoyin ta wannan dabara, suna cikin na gaba-gaba.

Tafiyar a yau

Mai siririn jirgi da ya shigo ta Calais yana ratsa duk waɗannan zamunna a jere. A arewa yana tare da jiragen kaya, kuma dole ya kauce musu. Can ne gwamnati ke zuba kuɗinta yanzu, a sabuwar hanyar Seine-Nord mai kilomita 107 da ake ginawa don jirage masu tan dubbai. Bayan Paris yana iya bi ta Briare, ko ta hanyar Bourgogne mai ɗakunan ruwa 189 a cikin kilomita 242. A ɗakin ma’aunin Freycinet jirginsa bai cike rabin faɗin ba, ruwa yana jifa da shi daga bango zuwa bango in bai riƙe igiya da kyau ba. Daga Liyon sai kogin Rhône mai ƙarfin gudu, inda ɗakunan ke da tsawon mita 190, na Bollène kuma yana sauke jirgi mita 23 a tashi ɗaya. Nan ne jirgin da aka ƙera don ruwa marar motsi ya fi shan wuya. Sai ya tsallake tafkin Thau, in iska ta bari, kafin ya shiga hanyar Riquet.

A can doka ba ta yarda a wuce kilomita 8 a awa ba. Da jiran layi a ɗakunan ruwa da tsayawa a ƙauyuka, baƙi sukan yi mako guda ko fiye a tafiyar da jirgin wasiƙun ƙarni na 17 ke yi cikin kwana huɗu.

Inuwar da ake zuwa dominta ma ba ta zamanin Riquet ba ce. Itatuwan da Faransawa ke kira platane, wajen 42,000, akasarinsu a ƙarni na 19 aka dasa su. A 2006 aka gano wata cutar funfuna a jikinsu kusa da Carcassonne. Ana kyautata zaton ta shigo Faransa ne a cikin akwatunan katako na makaman sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu. Ba ta da magani, tana kashe itace cikin ƴan shekaru. Tana shiga ta rauni, ruwa kuma yana ɗaukar ta, don haka igiyar da aka ɗaure a saiwa da hancin jirgin da ya bugi gaɓa sun taimaka wajen yaɗa ta. Baƙin da kuɗinsu ya riƙe hanyar suna da hannu a wannan asara, ko da ba su sani ba. Hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa, VNF, wadda aka kafa a 1991, ta hana ɗaure jirgi a jikin itace. Ta sare fiye da rabin itatuwan, tana ƙona su a wurin, tana dasa wasu iri daban-daban a madadinsu. Akwai wuraren da a da rassa ke haɗuwa a saman ruwa, yanzu sai ƴan dashe da rana tsaka.

Tsohuwar matsalar ruwa ma ta dawo. Tafkunan Baƙin Dutse ba jirage kaɗai suke ciyarwa ba, akwai manoma da garuruwa masu jiran rabonsu. A farin 2022 an rufe sassan wasu hanyoyi a gabashi da tsakiyar Faransa, a farkon 2023 kuma an jinkirta buɗe hanyar Midi saboda tafkunan ba su cika ba. In ruwa ya ja baya, masu tsaron ɗakuna sukan tsayar da jirage har su taru, don a wuce da su a cikawa ɗaya. A irin wannan rana tsimin Brindley yana da amfani, domin siraran jirage biyu suna shiga ɗaki guda kafaɗa da kafaɗa, har a sami sarari a gefe.